Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Inshorar Lafiya Ta Ƙasa: Ku Dubi Masu Jinyar Iyaye

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Kano, uwar yara biyar. Shekara huɗu ke nan mahaifiyata tana hannuna. Inna muke ce mata. Ba ta da takardar haihuwa, amma takan ce an kai ta ɗakin miji a shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, tana 'yar sha biyar ko kusa da haka. Ka ga ke nan ta ba saba'in baya. Hawan jini da ciwon suga sun daɗe a jikinta. A daminar 2024 kuma, da asuba, ta fito alwala ta faɗi a tsakar gida, buta a gefe, ita a gefe. Kafin hantsi hannunta na dama da ƙafarta sun daina motsi, bakinta ya karkace.

Ban ɗauki alƙalami don in yi kukan jinya ba. Wanka da juyi da canjin shimfiɗa da tashin dare haƙƙinta ne a kaina, kuma ko shekara ɗari na yi ina yi ban biya ta daren naƙuda ɗaya ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne wata ɗawainiya da ta hau kan ta farko, wadda babu wanda ya gaya mini tana tafe: bin takardu, jiran lamba, da biyan kuɗin da ban san lissafinsa ba.

A bayan ƙofar ɗakin Inna akwai wata jaka mai zif, irin wadda alhazai ke zubo tsaraba a ciki. Katin asibiti biyu na ciki, da kwafin katin inshora, da takardun turawa daga ƙaramin asibiti zuwa babba, da rasit na kemis sun fi ɗari, rabinsu rubutun ya goge sun koma farar takarda. Akwai kuma littafin rubutu na 'yan firamare da na karɓe a hannun autana. A cikinsa nake rubuta ranar da muka je, da ƙarfe nawa muka isa, da ƙarfe nawa aka ce an tura buƙata, da lambar da ta zo in ta zo, da abin da na biya. Duk abin da zan faɗa a wasiƙar nan daga wannan littafin na ɗauko shi.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da shi. Inshora ta yi mana rana. Lokacin da yana ta rufe wa Inna idon hagu, an yi mata aiki ba mu sayar da ko akuya ba. Kwanakin farko da aka ba ta gado bayan faɗuwarta, da daga aljihu za mu biya, da filin da Baba ya bar mana ya tafi. Ba zan kuma ambaci sunan kamfanin da ke kula da katinmu, wanda ke biyan asibiti a madadin inshora, ko asibitocin da muke zuwa ba. A cikinsu akwai mutanen kirki da suka yi mana abin da ya fi ƙarfin aikinsu, kuma abin da na gani a wurinsu duk wanda na zauna da shi a benci ya ce haka yake a nasu. Ku nake rubuto wa domin ku ne masu rubuta ƙa'ida, ku ne kuma doka ta ba ikon tsawata wa kamfani da asibiti gaba ɗaya.

Tun a 1999 aka yi dokar da ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, aka fara da ma'aikatan tarayya. A tsarin, iyalin ma'aikaci su ne shi kansa, da matarsa ɗaya ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya zana wannan iyali bai leƙo gidajenmu ba. A gidan Bahaushe da wuya ka shiga ba ka tarar da ɗakin tsohuwa ba, kuma wannan ɗakin ne ya fi kowane ɗaki cin magani. 'Ya'yana sukan yi wata shida ba su ga likita ba. Inna ba ta taɓa yin sati shida ba.

Mahaifina ma ma'aikacin tarayya ne, Allah ya jiƙansa. Bai daɗe da samun kati ba ya yi ritaya, kuma a wancan lokacin barin aiki barin inshora ne, shi da matarsa. Ma'aikaci kan sauka ne yana ɗan shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, daidai lokacin da gwiwa ta fara ƙara, ido ya fara hazo, jini ya fara hawa. An rufa masa asiri yana da ƙarfi, an yaye mayafin da sanyi ya sauko. Na san daga baya kun buɗe ƙofofi. Akwai shirin GIFSHIP da aka ƙaddamar a 2020 don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, akwai kuma damar ma'aikaci ya biya kuɗin shekara ya ƙara wani a kan katinsa. Ta wannan ƙofa ta biyu Inna ta shiga. Amma ba a ofis na ji labarin ba, ba kuma a rediyo ba. Wata mata ce ta gaya mini a layin karɓar magani, bayan na shekara biyu ina biyan kuɗin jinyarta daga albashi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kowane mai kati yana da asibitinsa na farko. In ciwo ya fi ƙarfinsu sai su rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, shi kuma babban asibiti ba zai taɓa mara lafiya da sunan inshora ba sai kamfani ya aiko da lambar izini, wadda kowa ke kira kod. Ganin likitan ƙwararru kod, gwajin jini kod, hoto kod, gashin ƙashi kod. Na fahimci dalilin: kamfani ne zai biya, yana so ya tabbatar aikin ya kamata. Amma bari in nuna maka yadda abin yake a ƙasa.

Wata Talata, wata biyu bayan an sallamo mu, likita ya ce a kawo ta gwajin suga ba ta ci komai ba. Rabon ta da abinci tun tuwon dare. Fitar da Inna daga gida aikin mutum uku ne: babban ɗana ya kama kafaɗa, maƙwabcinmu ya kama ƙafa, ni in riƙe kai da hijabi, a zaunar da ita a adaidaita sahu a tokare ta da filo. Ƙarfe bakwai da rabi muna teburin inshora. Yaron da ke wurin ya karɓi takarda ya ce, "Hajiya, ku zauna, za mu tura." Muka zauna. Tara ta yi, goma ta yi. Na koma, ya ce, "Hajiya, wallahi kod ne bai shigo ba." Wajen sha ɗaya da rabi na ga gumi yana tsattsafo wa Inna a goshi, hannunta mai lafiya yana rawa. Duk mai jinyar ciwon suga ya san wannan alama, sugan ne ya faɗi. Wata dattijuwa da ke kusa da mu ta kwance bakin zaninta ta miƙo dabino biyu. Na ɓare na sa mata a baki, gwajin ranar ya tashi ke nan. Da ta ɗan dawo hayyacinta sai ta jawo ni da hannun hagu, da wannan harshen nata da ya yi nauyi, ta ce, "Ke 'yar nan, mu tafi gida. In kuɗin mutane ne ba sa son bayarwa, a bar musu." Na juya baya don kada ta ga idona. Matar da ta raini mutum tara ita ce take jin ta zama mai roƙo a kan abin da an riga an biya mata.

Washegari muka sake ɗauko ta, na biya gwajin da kuɗina. Kod ya shigo da la'asar ɗin ranar, ba shi da sauran amfani.

Da na ji umarnin da kuka bayar cewa daga 1 ga Afrilu 2025 dole kamfani ya fitar da lamba cikin awa ɗaya, ko ya faɗi dalilin ƙi, har na yi muku addu'a a fili. Kuma gaskiya an samu sauƙi, jira ya ragu. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin awa ɗayan nan ana fara ƙirga ta ne daga lokacin da asibiti ya tura buƙata, kuma wannan lokacin mutum biyu ne kawai suka san shi: asibiti da kamfani. Na sha tsayawa a gaban tebur a ce mini an tura tun ɗazu, in koma gefe in kira kamfani su ce ba su ga komai ba. Ni da nake tsaye da mara lafiya ba ni da abin da zan kama. Ranka ya daɗe, in naira ɗari ta fita daga asusuna, banki kan turo mini saƙo kafin in mayar da waya jaka. Ku wajabta irin wannan. Da zarar asibiti ya tura buƙata, saƙo ya shigo wayar mai kati da lokacin a jiki. Da zarar kamfani ya amsa, wani saƙon ya shigo, da lambar ko da dalilin ƙi. Ranar da aka fara haka, ranar za a daina jifan juna da laifi a kan mara lafiya, ku ma kuma za ku samu hujjar hukunta wanda ya yi sakaci.

Sannan hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake sha masa magani kwana uku. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye zai ga likita wannan watan, zai gan shi wata mai zuwa, haka har abin da Allah ya yi. Me ya sa kowane zuwa sai an koma asibitin farko an karɓo sabuwar takardar turawa, a kuma nemi sabuwar lamba, kamar ciwon jiya ya fara? Lamba ɗaya ta wata shida ga masu ciwon da ba ya warkewa, mai ɗauke da ganin likita da gwaje-gwajen da aka san za a yi, za ta rage wa kamfani aiki, ta rage layi a tebur, ta rage mana kuɗin adaidaita da kwanakin da muke roƙon izini a wurin aiki.

Sai maganar magani. Kalmar da na fi ji a tagar ba da magani ita ce "babu". Likita ya rubuta biyar, a ba ka biyu masu araha, a zagaye uku da jan biro a ce ka je waje. Na daɗe ina jin haushin masu tagar, har sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta warware mini lissafin. Asibitin farko ana biyan sa ne kuɗin kai: adadi ɗaya a kowane wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. Wannan kuɗi ya yi fiye da shekara goma yana naira 750. Shi kuma babban asibiti ana biyan sa ne bisa farashin da hukuma ta yanka wa kowane aiki da kowane magani. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, alhali farashin da ke takardar inshora yana nan inda yake. Asibitin da zai sayi magani da tsada a biya shi da araha, "babu" ita ce mafitarsa. Na san kun yi gyara, kun ƙara kuɗin kai da kashi 93 cikin 100, kuɗin aiki kuma da kashi 378 cikin 100, daga Afrilun 2025. Madalla. Amma har yanzu kuɗin kai guda ne a kan saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da bai san hanyar asibiti ba da kuma Inna da ke zuwa kowane wata. A idon mai lissafin asibiti, tsoho asara ne. Ina ganin hakan a fuskar wasu in sun hango mu. In ana so asibiti ya yi maraba da tsofaffi, sai kuɗin da ake biya a kansu ya yi daidai da nauyinsu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne lissafin da ba a nuna mini. Ƙa'ida ta ce mai kati zai biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. To kashi goma na wane farashi? Na hukuma, ko na asibiti, ko na kasuwa? Ban taɓa ganin jadawalin farashin a manne a bangon wani asibiti ba. Abin da ake miƙo mini 'yar guntuwar takarda ce da jimla a ƙasa, wani lokaci da kalmar "ciko" a gefe da biro. Ranar da za a sallame mu aka ba ni irinta. Na ce wa mai karɓar kuɗi, "Malam, don Allah wannan na mene ne da mene ne?" Ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce, "Hajiya, abin da ta fitar ke nan." Ba rashin mutunci ya yi mini ba, shi ma iyakar abin da ya sani ke nan. Bayana layi, Inna na kan keken marasa lafiya tana jiran a kai ta gida. Na biya.

Haka ma iyakokin inshora, duk a bakin taga na koye su ɗaya bayan ɗaya. Daren da aka ce a yi mata hoton ƙwaƙwalwa na san cewa a irin wannan babban hoto rabi inshora ke biya, rabi namu ne. A gadon asibiti na san kwanciya tana da iyaka a shekara. A ɗakin gashin ƙashi na san zama yana da adadi, ranar da aka ce mana namu ya ƙare, ga shi ƙafar ta fara ɗan ɗagawa. Kunzugun manya da keken turawa kuwa dama ba a maganarsu. Ban ce inshora ta ɗauki komai ba, na san tukunya ɗaya ce mutane da yawa ke ci daga ciki. Amma mutum in ya san abin da ke gabansa yakan yi shiri, ya shiga adashi, ya sanar da dangi tun da wuri. Shafi biyu kacal, da Hausa, da manyan baƙaƙe, a ba kowa ranar rajista: ga abin da muka ɗauka duka, ga wanda muka ɗauki rabi, ga wanda ba namu ba. A karanta shi a gidajen rediyo don waɗanda ba sa karatun boko. A kuma hana kowane asibiti karɓar ko sisi daga mai kati sai da rasit mai nuna kowane abu da farashinsa, da abin da inshora ta biya, da abin da ya rage.

Wataƙila ka ga kamar ƙaramar magana ce, batun rasit. Bari in gaya maka abin da rashinsa ya yi a gidanmu. Mu bakwai ne muka rage a 'ya'yan Inna. Muna haɗa kuɗi duk ƙarshen wata, kowa daidai ƙarfinsa, ni nake riƙewa don ni ce a kusa. Yayanmu da ke Fatakwal shi ya fi kowa bayarwa. Wata rana na kira shi na ce kuɗi sun ƙare tun tsakiyar wata, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba kin ce tana da inshora ba?" Bai zarge ni ba, tambaya ya yi, kuma yana da gaskiya. Amma me zan nuna masa? Guntayen takardu masu jimla ba bayani, da rasit ɗin kemis da suka goge? Na ce, "Yaya, ka zo ka kai ta sau ɗaya ka gani." Maganar ta fito da zafin da ban yi niyya ba. Mun yi sati uku ba mu gaisa ba, mu da ko a ƙuruciya ba mu taɓa kwana da fushi ba. Inna ce ta lura, ta sa aka kira mata shi, ta haɗa mu a waya tana kuka. Na tambayi mata da yawa a benci, kusan kowace tana da irin wannan labari: ita ke wahala, ita kuma ake kallo da ayar tambaya, domin tsarin bai ba ta abin da za ta kare kanta da shi ba.

Kuɗin da muka kashe a waje kuwa, a kan maganin da yake cikin jerin inshora amma aka ce babu, an ce mini ana iya neman a mayar. Na cike takarda, na haɗa rasit, na kai. Aka ce in kawo shaidar asibiti cewa lallai babu maganin a ranar. Na koma asibiti, aka ce wanda zai sa hannu ya tafi hutu. Da na samu sa hannun, rasit biyu sun goge. Na haƙura, kuma na tabbata da yawa haka suke haƙura. Gyaran nan ba shi da wuya: duk tagar da ta ce babu, ta buga hatimi a kan takardar likita nan take, wannan hatimi ya isa shaida, kuma ku yanka wa'adin kwanakin da dole a mayar da kuɗi a cikinsu.

Akwai kuma batun wakili. A wasu wurare ba a ba da maganin wata sai an ga mai katin da ido. Na san don toshe ƙofar maguɗi ne, kuma maguɗi yana nan. Amma a ɗauko matar da ba ta iya zama da kanta, a ratsa da ita cunkoson gari cikin zafin bazara, don kawai a kalli fuskarta a miƙo ƙwayoyin da ta shekara tana sha? Ku ba tsoho damar ya rubuta wakili ɗaya ko biyu a fayil ɗinsa, da hotonsu da lambar katin ɗan ƙasa, su karɓi magani, su bi kod, su sa hannu, su shigar da ƙorafi. Likita ya ci gaba da ganin mara lafiya a lokacin da ya tsara.

Ko gyaran suna ma wahala ne. Ba zan iya faɗin sunan Inna ba, amma harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin yadda aka rubuta shi a katin ɗan ƙasa da yadda yake a katin asibiti, irin sunayenmu da kowane magatakarda ke rubutawa yadda kunnensa ya jiye masa. A kan wannan harafi, bayan na biya kuɗin sabunta shekara, sunanta ya yi wata biyu bai fito a jerin da asibiti ke dubawa ba. Wata biyun nan daga aljihu muka yi su. Tsararrakin Inna kusan duk haka suke, ba takardar haihuwa, shekarun kintace, suna iri uku. Ya kamata a ce ofishinku na jiha yana iya daidaita irin wannan a zama ɗaya.

Duk wannan da na lissafa, ni mai gata ce. Ina da albashi, na yi makaranta, ina iya karanta takarda in yi gardama da Turanci. Dattijuwar da ta ba Inna dabino ba ta da kati ko ɗaya, jikanta ne mai sayar da rake yake biya mata. Irinta su ne mafiya yawa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma masu inshora ba su wuce wajen miliyan 20 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma na ga watan da maganin Inna kaɗai ya kusa cinye irin wannan.

Doka kuwa ta riga ta yi magana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma kaso mai tsoka na wannan asusu ta hannun hukumarku yake bi zuwa hukumomin inshorar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni, wanda ya ambaci tsofaffi ƙarara tare da ƙananan yara da masu ciki da masu naƙasa da matalauta. A lokacin an yi maganar mutum miliyan 83. Abin da nake roƙo shi ne a mayar da wannan alkawari abin da jikan mai rake zai iya bi da ƙafarsa: ga ofishin da za ka kai kakarka, ga ranar, ga abin da za ka riƙo. A faɗa wa masu unguwanni da dagatai da limamai, su ne suka san ɗakin da tsohuwa ke kwance ba mai saya mata magani.

Kuma ba abu ne da ba a taɓa yi ba. Yayar Inna tana zangon Kumasi a ƙasar Ghana, can aure ya kai ta tun zamanin fataucin goro. Ghana ta kafa nata tsarin inshora a 2003, kuma wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara, sai ɗan abin sabunta kati. Jikarta ke sabunta mata ta waya, ta danna *929#, ba tare da ta taka ko'ina ba. Su ma suna da nasu koke-koken, na jinkirin biyan asibitoci da na ƙarancin magani, takan faɗa mana in mun yi waya. Amma ƙofar shiga a buɗe take ga tsoho don tsufansa kawai, ba sai yana da ɗa a aikin gwamnati ba. Idan ɗauke kuɗin gaba ɗaya ya yi nauyi a yanzu, a fara da sassauta shi ga iyayen da 'ya'yansu ke son sa su, a kuma bar ma'aikacin da ya yi ritaya da matarsa a kan katinsu, a riƙa cirar ɗan abu daga fansho.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa na yi dogon bayani. Ina roƙon ka turo wasu daga cikin ma'aikatanka, ba da rakiya ba, ba da sanarwa ba, su zauna a bencin teburin inshora na kowane babban asibiti daga bakwai na safe zuwa azahar, su tambayi matan da ke riƙe da jakunkuna irin tawa. Littafina yana nan, in ana buƙatarsa zan bayar a kwafa.

Talata mai zuwa Inna za ta koma ganin likita. Na karɓo takardar turawa tun jiya, na yi magana da mai adaidaita da maƙwabcinmu, na nemi izini a wurin aiki. Na ware kuɗin gwaji a gefe ko da lamba ba ta zo ba, na kuma sa dabino a cikin jakar.

Ka huta lafiya.

Taku,
Wata mai jinyar mahaifiyarta,
Kano.